Filin Kayan Da: Bindigar da Aka Tarar a Soron Kaka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba, tare da fatan kana lafiya da iyali. Ruwan bana ya kayar da bangon tsohon soron kakanmu. Muna cikin kwashe kaya sai muka tarar da wata bindiga a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon bargo. Tsakiyarta rawaya ce kamar tagulla, an yi mata zanen ganyaye masu murɗewa, a gefe guda kuma akwai hoton barewa. A ƙarƙashinta akwai wani dogon zoben ƙarfe da yatsu uku ke shiga. Gwaggonmu ta haura shekara tamanin, ta ce tun tana yarinya take ganinta, kuma ta ji manya na cewa daga wajen Damagaram ta zo. Ƙanena ya sa hotonta a Facebook, ba a kwana biyu ba wani dillali ya kira ya ce zai ba da naira miliyan biyu, amma mu goge ta ta yi ƙyalli, kuma kada mu gaya wa kowa. Baba, wace irin bindiga ce wannan? Da gaske ne irinta na kai miliyoyin daloli a ƙasashen waje? Mu goge? Mu sayar?

Ɗanka, daga Gambarawa, Katsina

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanku, ya ƙara wa gwaggo lafiya. Kafin mu shiga tarihi, ka ce wa ƙanenka ya sauke hoton nan daga Facebook yau ɗin nan. Sannan a mayar da bindigar cikin bargonta, kada wanda ya taɓa kunamarta ko ya ja wannan zoben, kada a nuna bakinta wajen kowa. Irin waɗannan bindigogi suna ɓoye harsashi a cikinsu, kuma tsufa ba ya hana harsashi tashi.

Zoben da ka kwatanta shi ne libar ɗuri. Idan aka tura shi ƙasa, bindiga ta tofar da kwanson da aka harba, ta ɗana kunama. Idan aka dawo da shi sama, ta cusa sabon harsashi. Harsasan suna jere ne cikin bututu na biyu da ke kwance ƙarƙashin na harbi. Wani Ba'amurke, Benjamin Tyler Henry, shi ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1860, kuma bindigarsa na ɗaukar harsashi 15 a lokacin da yawancin sojan duniya ke ɗura albarushi ta baki, ya harba sau ɗaya, ya sake tsayawa ɗuri, kamar yadda 'yan bindigar sarki ke yi da adaka ranar hawan salla. An ƙera kimanin 14,000 a garin New Haven. Mai kuɗin kamfanin, Oliver Winchester, asalinsa mai masana'antar ɗinkin riguna ne. A 1866 ya sa wa kamfanin sunansa, wani ma'aikacinsa Nelson King ya ƙara wata 'yar ƙofa a gefen dama ta zura harsashi, aka sa katako ƙarƙashin bututu don kada zafi ya ƙona hannu. Wannan ita ce Winchester ta 1866, mai ƙugun tagulla, an yi kusan 170,000 zuwa 1898. Ka tuna yadda ka gan ta: in akwai 'yar ƙofar da katakon gaba, kamanninta na 1866 ne. In babu su, kamannin Henry ne. Wadda ta biyo baya, ta 1873, ƙugunta baƙin ƙarfe ne, ita ce aka yi sama da 700,000.

Na ce kamanni, domin akwai masu kama da yawa. Kamfanin Uberti na Italiya ya daɗe yana ƙera kwafin ta 1866, rawaya fes, wasu har da zane. Shi kansa Winchester, da ya cika shekara ɗari a 1966, ya fitar da wata ta tunawa mai ruwan zinariya, sama da guda 100,000. Wani alhaji ko wani ma'aikaci da ya yi karatu a waje zai iya shigowa da ɗaya daga waɗannan. Amma shaidar gwaggo tana da nauyi. In tana ganinta tun tana yarinya ƙarama, to bindigar ta riga kwafin zuwa duniya.

Maganar Damagaram kuwa ba abin watsarwa ba ce. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta sayi Winchester ta 1866 kusan 50,000 a farkon shekarun 1870, kuma da su sojojin Usman Fasha suka yi wa Rashawa ɓarna a Filebna, wani gari a ƙasar Bulgeriya ta yau, a 1877, inda suka tsare garin wata biyar. Tarabulus tana hannun Turkawa har 1911, kuma daga Tarabulus ayarin raƙuma ke ketowa ta Gat da Agadas zuwa Damagaram, su gangaro Katsina da Kano. Sarakunan Damagaram, musamman Tanimu, sun shahara da tara bindigogi, har igwa an ƙera musu. Saboda haka hanya tana nan. Abin da ya sa irin wannan bindiga ta yi ƙaranci a wajenmu shi ne yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Burasels a 1890, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar mu da na ɗurin baki. Duk wanda ya mallaki mai liba a wancan zamani, balle mai zane, ba ƙaramin mutum ba ne, ko kuma babban mutum ne ya ba shi. Hanya dai ba hujja ba ce. Hujjar tana bakin gwaggo, zan dawo kanta.

Yanzu zanen, wanda shi ne ya sa na ɗauki wasiƙarka kafin sauran.

Kakana maƙerin fari ne. Na tashi ina zaune gefensa yana fitar da zane a jikin likkafa da tasa da bakin kuben takobi, da ɗan kurfi da 'yar guduma, yana juya ƙarfen da hannun hagu. Ranar da na fara ganin hotunan aikin masu zanen Winchester a wani littafin gwanjo, na daɗe ban juya shafi ba, saboda aikin iri ɗaya ne. Su ma kurfi ne da guduma. Sanannu a cikinsu 'yan gida ɗaya ne, Conrad da Herman da John Ulrich, waɗanda suka fara aiki a kamfanin Colt kafin su koma Winchester. Conrad daga baya ya tafi kamfanin Marlin. Akwai kuma Louis Nimschke, haifaffen Jamus da ya buɗe shagonsa a New York, wanda ya yi wa bindigogi dubbai zane, kuma yana da ɗabi'ar shafa tawada a aikin da ya gama ya danna takarda ya ajiye. Wannan kundi nasa har yau da shi ake gane hannunsa. Wasu lokuta sukan sa suna ko haruffan suna, ƙanana ƙwarai, a lungun da ke bayan kunama. Dabbar da ka kira barewa, in ƙahonta na da rassa, ta dajin Amurka ce, kuma tana cikin abin da suka fi zanawa tare da ɓauna da karen farauta.

Idan an sami wanda ya tabbatar babu harsashi a ciki, a samo gilashin masu gyaran agogo a duba zanen a hasken safiya. Layin da hannu ya yanka yana farawa siriri, ya yi kauri, ya sake sirancewa, kamar rubutun alƙalamin kara a allo. A wurin lanƙwasa za ka ga 'yan matakai ƙanana, kowane ɗaya bugun guduma ne. Filin da ke tsakanin ganyaye sukan cike shi da ɗige-ɗige, kuma ɗigon hannu ba ya jeruwa daidai kamar na inji. Zanen inji ko na ruwan asid zurfinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, gindinsa a shafe. Sai kuma abin da macuta ke yi: su sami tsohuwar bindiga marar ado, su kai wa mai zanen yau, su ce aikin Ulrich ne. Ana kama su da tsatsa. In zane da bindiga sa'o'in juna ne, tare suke tsufa, inda hannu ke riƙewa zanen ya lashe. In ka ga layi mai kaifi ya ratsa ta tsakiyar ramin da tsatsa ta ci, to tsatsar ta girmi zanen.

Ka tambayi kuɗi. E, akwai masu tsada. A 1875 Winchester ya fara ware bindigogin da bututunsu ya fi saiti, ya rubuta musu cewa ɗaya ce cikin dubu, ya sayar dala 100. A samfurin 1873 guda 136 kacal aka yi, shi ya sa masu tarawa ke rububinsu, shi ya sa kuma jabunsu suka yi yawa. Akwai Henry mai lamba 6, mai zane da ruwan zinariya, da aka ba Shugaba Abraham Lincoln, tana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Amma wadda nake so ka riƙe a ranka ita ce ta 1886 mai lamba 1, ƙirar John Browning, da aka sayar a gidan gwanjo na Rock Island a Amurka a 2016 kan dala 1,265,000. Ba ta da ganye, ba ta da barewa. 'Yan kalmomi ne kawai a jikinta da ke nuna kyauta ce daga wani aboki ga Kyaftin Henry Lawton, sojan da ya bi sawun Geronimo, jagoran ƙabilar Apache ta 'yan asalin Amurka. Abin da aka saya shi ne sanin hannun da ta fito da hannun da ta shiga, da shaidar da ba ta yanke ba. Masu wannan harka kafin su fitar da kuɗi sukan aika lambar bindiga gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming, inda littattafan masana'antar Winchester suke, a rubuto musu ranar da ta bar sito da ko da zane ta fita. Na samfurin 1866, rijistar da yawa daga na farko-farko ta ɓace, sai a koma ga idon masana. Yawancin tsofaffin Winchester kuwa, waɗanda suka sha rana da tsatsa ba takarda, kuɗinsu bai kama ƙafar waɗannan ba.

Batun gogewa: a'a. Wallahi a'a. Na san hannun Bahaushe, in ya ga tagulla ta dushe sai ya nemi toka da lemun tsami. Ni na yi, kuma har yau yana damuna. Ina saurayi na ɗauki wata tsohuwar tasa ta aikin kakana, bayan rasuwarsa, na dirje ta da toka da yashi don in faranta wa mahaifiyata. Ta yi ƙyalli, amma siraran layukan da ke bakinta, waɗanda su ne alamar hannunsa, suka tafi. Mahaifiyata ta karɓa ta juya ta, ba ta ce komai ba, ta mayar ɗaki. Tagulla tana da laushi. Duhun nan mai kama da zuma da ke jikin bindigarku shekaru sama da ɗari ne suka yi shi, kuma shi ne abu na farko da masani ke dubawa. A 2014 ma'aikatan wani gandun daji a jihar Nevada sun tsinci Winchester ta 1873, ƙirar 1882, jingine da bishiya, katakonta ya yi fari, ƙarfenta ya yi ja. Ba su goge ta ba. Sun tsayar da lalacewar ne kawai suka sa ta a gilashi yadda take. Da suka ɗauki hotonta da na'urar asibiti kuma, sai ga harsashi a ɓoye cikin gindinta. Dillalin da ya ce ku goge, ko dai bai san kayan ba, ko kuma ba tarihin yake nema ba.

Wannan na biyun shi ne tsorona. Mu a Katsina ba sai an gaya mana abin da bindiga ke yi ba. Kalmar 'yan bindiga da muka tashi da ita, ta mutanen da ke gaban sarki da jajayen kaya suna cika Ƙofar Soro da hayaƙi yara na murna, yau in an faɗe ta gaban mutumin Batsari ko Jibiya ya faɗi. A irin wannan lokaci, wanda ya ce ka sayar masa da bindiga a ɓoye yana neman ya sa ka cikin abin da miliyan biyu ba za ta fitar da kai ba. A Amurka doka ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, shi ya sa suke cinikinta a fili. Kada ka ɗauki dokarsu ka aza a kanka. Tamu ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, kuma a ƙarƙashinta ko adaka sai da lasisi, na bindigar farauta mai harsashi kuwa daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba ya bin gado. Fitar da bindiga waje sai da izini, fitar da kayan tarihi ma sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ba zan saka ta a but ɗin mota in nufi ofishin 'yan sanda ba, domin a shingen farko labarin zai canza. Zan tara manyan gida, maza da mata, tunda dukiyar gado ce kuma gwaggo na da haƙƙi a ciki. Mu je wa mai unguwa, ya kai mu ga hakimi. A sami lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda cewa ga abin da aka tarar, ga inda yake, a kuma aika kwafi ga gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, a nemi a ajiye ta can da sunan gidanku a rubuce. Kafin nan, a bar ta wuri busasshe, nesa da bango mai danshi da gara. Kada a naɗe ta da leda, tana tara gumi. Kada a sa ta cikin fata, fata na sa tagulla tsatsa kore. Kada a kwance ko noti ɗaya, kada a kai wa maƙeri gyara.

Sai gwaggo. Gobe da hantsi, in ta karya, ka zauna gabanta da waya ka ɗauki muryarta. Wa ya kawo bindigar? Fatauci ya je ko yaƙi, ko aiken sarki? Kyauta ce ko saye? A ina ake rataye ta? An taɓa fita da ita hawan salla? Wa ya naɗe ta a bargon, kuma me ya sa? Kada ka gyara mata magana, kada ka cusa mata abin da na faɗa maka na Tarabulus, bar ta ta faɗi nata. Ka rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda ke wurin. Katsina ta riƙe takobinta Gajere, Daura ta riƙe takobin Bayajidda, ba don ƙarfen kaɗai ba, don an sami bakunan da suka miƙa labarin. Naku bakin guda ɗaya ya rage, kuma ya haura tamanin.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. A gidan mijina akwai tsohuwar bindiga mai liba a ƙasa, an ce sunanta Martini-Henry. Shin ita ce Henry ɗin da ake cewa tana da tsada?

'Yar'uwarka, daga Daura

AMSA

Barka kadai Hajiya. Suna ne ya zo ɗaya. Henry na wannan bindiga Alexander Henry ne, maƙerin bindiga na Edinbara a Sikotlan, shi ya tsara cikin bututun. Martini kuma mutumin Suwizalan ne da ya gyara gidan ɗurin. Sojan Ingila sun karɓe ta a 1871. Tana da liba, amma harsashi ɗaya take ci, in an harba sai a buɗe a zura wani da hannu, babu bututu na biyu. An ƙera ta da yawa ƙwarai, ta bazu duk inda Ingilishi ya taka, har maƙeran kan iyakar Afganistan sun yi ta kwaikwayonta. Saboda haka a kasuwar masu tarawa ba ta kusa da Henry ta Amurka. Ta gwamnatin Ingila takan zo da hoton kambi da haruffan V.R., na Sarauniya Biktoriya, da shekarar ƙira a gefen dama. Ga tarihinmu kuwa tana iya fin waccan magana, domin ta fi kusa da zamanin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Abin da na gaya wa ɗana na Gambarawa game da doka da gogewa ya hau kanku, ki karanta wa maigidan.

TAMBAYA

Baba, ni ɗalibi ne, ina sha'awar irin waɗannan bindigogi masu zane, ina kallonsu a intanet. Ta yaya zan fara tarawa?

Ɗanka, daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA

Ɗana, a ƙasar nan da halin da muke ciki, ba zan ce maka ka tara bindiga ba. Amma na gane abin da ya ja ka, domin shi ya ja ni: aikin hannu a kan ƙarfe. Ka ci gaba da kallon hotunan, gidajen gwanjo na sa su manya-manya kyauta, ka koyi bambanta ganyen Nimschke da na 'yan gidan Ulrich har idonka ya saba. Sannan ka juyo da idon nan gida. Tsofaffin likkafu da linzami, tasoshi da butocin tagulla, mundaye, bakin kuben takobi, duk suna fita daga gidajenmu zuwa hannun masu sayen ƙarfe a kilo, a narkar. Da kuɗin ɗalibi za ka iya ceto guda ɗaya a wata. Ka sayi littafi mai layi, kowane abu ka ba shi shafi: inda ka samo shi, wanda ya sayar maka, abin da ya ce game da shi, tsawonsa da nauyinsa, da hoton zanen. In ka cika shafi goma, ka kawo mini littafin ranar wata Asabar bayan la'asar, mu duba tare.